Hangen Dala a Fuskar Waya: Soshiyal Midiya da Yawon Buɗe Ido

A garin Fujikawaguchiko na ƙasar Japan akwai wani kantin kayan masarufi na kamfanin Lawson, irin wanda ake samu a kowane lungu na ƙasar. Ba shi da tarihi, ba shi da wani ado na musamman. Abu ɗaya ne ya bambanta shi: idan mutum ya tsallaka titi ya juyo, sai ya ga dutsen Fuji kamar an ɗora shi a kan rufin kantin. Wani ya ɗauki hoton haka ya saka a intanet, wasu suka gani suka zo ɗaukar nasu. Tun ana abu kamar wasa har ta kai baƙi na cika gefen titin, suna tsallaka hanya ba duba mota, suna zubar da shara, suna ajiye motoci a harabar wani asibitin haƙori da ke wurin. A watan Mayun 2024 hukumar garin ta gaji, ta kafa baƙin labule mai tsawon mita 20 da tsayin mita biyu da rabi domin toshe hangen. Ba a jima ba aka tarar an huhhuda shi, kowane rami daidai idon kyamarar waya.

Dutsen Fuji tsayinsa mita 3,776, ana hango shi daga wurare bila adadin, wasunsu ma sun fi gaban kantin nan kyau nesa ba kusa ba. Amma baƙin ba dutsen suka zo gani ba. Wancan hoton suka zo maimaitawa, a wancan wurin, daga wancan ɓangaren titin.

Masana sun shafe fiye da shekara 15 suna bin diddigin irin wannan lamari, kuma takardun da aka rubuta a kai sun yi yawan da mutum ɗaya ba zai karance su ba. Idan aka tace su, aka ware tsaki da tsakuwa, abin da ya rage ya fi ƙanƙanta a kan abin da masu talla ke faɗa, amma ya fi shi ban sha'awa. Kafafen sada zumunta suna da ƙarfi sosai wajen zaɓar wa matafiyi inda zai tsaya, otal ɗin da zai kwana da gidan abincin da zai shiga. Ƙarfinsu na ɗaga mutum daga gida su kai shi wata ƙasa kuwa, shi ne ake zuzutawa fiye da kima.

Tafiya don ganin abin da aka riga aka gani a hoto ba sabon abu ba ne. Tun a 1990, kafin a san Facebook, wani masanin zamantakewa ɗan Ingila mai suna John Urry ya yi bayanin yadda abin ke zagayawa: mutum ya ga hoton wuri a mujalla ko katin gaisuwa, ya je can ya nemi daidai abin da ya gani, ya ɗauki irin hoton, ya dawo ya nuna wa 'yan uwa, su ma su ƙudura zuwa. Fim ma ya yi wannan aikin. Gaɓar tekun Maya a Tailan ta yi suna ne bayan wani fim na 2000 da Leonardo DiCaprio ya fito a ciki, kuma cunkoso ya lalata murjanin ruwan har hukuma ta rufe wurin daga tsakiyar 2018 zuwa farkon 2022. Abin da waya ta sauya shi ne mai ɗaukar hoton, da saurin yaɗuwarsa, da kuma alamar wuri da ake maƙala masa. A da sai mutum ya yi tambaya kafin ya gano inda aka ɗauki hoto. Yanzu ya danna, taswira ta kai shi har bakin wurin.

Ɗaya daga cikin binciken farko da ake yawan komawa gare shi shi ne na Zheng Xiang da Ulrike Gretzel, wanda ya fito a 2010. Sun yi abin da matafiyi ke yi: suka shiga Google suna neman otal, abinci da wuraren shaƙatawa a wasu biranen Amurka tara, sannan suka ƙirga abin da ya fito. Kusan kashi 11 cikin ɗari na sakamakon daga shafukan da jama'a ke rubutawa da kansu ne, irin su TripAdvisor da zaurukan tattaunawa. A lokacin abin mamaki ne, domin ya nuna cewa hukumomin yawon buɗe ido da kamfanoni sun daina zama su kaɗai ke magana a kan wurarensu. A watan Oktoban shekarar ne aka ƙaddamar da Instagram. Bayan shekara 12, wani babban jami'in Google, Prabhakar Raghavan, ya faɗa da bakinsa cewa binciken kamfanin ya nuna kusan kashi 40 na matasa, idan suna neman inda za su ci abincin rana, TikTok ko Instagram suke buɗewa, ba taswirar Google ba.

Inda hujjar masana ta fi ƙwari shi ne batun taurari, wato makin da baƙi ke ba otal ko gidan abinci daga ɗaya zuwa biyar. Dalili kuwa, a nan ana iya ƙirga kuɗi. Michael Luca, wanda a lokacin yake Jami'ar Harvard, ya haɗa makin gidajen abincin birnin Seattle a shafin Yelp da bayanan cinikinsu daga hukumar haraji ta jihar. Matsalar da ke gabansa a fili take: gidan abinci mai kyau dama zai samu taurari da yawa, zai kuma samu ciniki, to ta yaya za a ce taurarin ne suka kawo cinikin ba daɗin girkin ba? Sai ya yi wata dabara. A lokacin Yelp ba ya nuna maki yadda yake, yana cike shi ne zuwa rabin tauraro mafi kusa. Mai maki 3.24 za a nuna shi da taurari uku, mai 3.26 kuma uku da rabi. Ingancinsu kusan ɗaya ne, abin da mai wucewa ke gani ne ya bambanta. Da ya gwama irin waɗannan, sai ya gano ƙarin tauraro ɗaya na ƙara ciniki da kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari. Wani abin lura kuma, ƙananan gidajen abinci masu zaman kansu ne abin ya shafa, manyan kamfanoni masu rassa ko a jikinsu. Mai shiga McDonald's ya san abin da zai tarar. Wanda ba a sani ba shi ke buƙatar shaida. A 2012 Chris Anderson na Jami'ar Cornell ya samu makamancin haka a otal-otal: wanda makinsa ya ɗaga da ɗaya cikin biyar zai iya ƙara kuɗin ɗaki da kusan kashi 11 ba tare da baƙi sun ragu ba.

Duk abin da ya zama kuɗi kuwa, sai an samu masu jabunsa. Dina Mayzlin da abokan aikinta biyu sun kama wannan ta hanya mai sauƙi a wani bincike na 2014. A TripAdvisor kowa na iya rubuta tsokaci, a Expedia kuwa sai wanda ya biya kuɗin ɗaki ta shafin. Da suka jera otal ɗaya a shafukan biyu, sai suka ga ƙananan otal masu zaman kansu sun fi samun yabon taurari biyar a inda ƙofa take a buɗe. Abin bai tsaya nan ba: otal ɗin da ke maƙwabtaka da irin waɗannan ya fi shan suka mai tauraro ɗaya ko biyu a can ɗin. Wato ba wasa kai kaɗai ake yi ba, har da ɓata maƙwabci. Luca da Georgios Zervas su ma sun duba birnin Boston, suka tarar Yelp da kansa yana ware kusan kashi 16 na tsokacin gidajen abinci a matsayin abin zargi.

Wanda ya fi kowa kunyata tsarin ba malamin jami'a ba ne. Oobah Butler ɗan jarida ne a Landan, wanda ya ce a baya an sha biyansa fam goma ya rubuta yabon gidan abincin da bai taɓa shiga ba. A 2017 ya yi wa rumfar bayan gidan da yake zaune rajista a TripAdvisor a matsayin gidan abinci, ya sa abokai suka yi ta zuba yabo, ya saka hotunan abinci da aka haɗa da kumfar aski da ƙwayoyin wanke banɗaki. Duk wanda ya kira neman wuri sai a ce masa an cika har makonni masu zuwa, hakan kuma ya ƙara wa mutane kwaɗayi. Cikin wata shida ya taso daga ƙasan jerin gidajen abinci sama da 18,000 ya zama na ɗaya a Landan, alhali ko cokali ɗaya bai taɓa sayarwa ba. Hukumomi sun fara farkawa daga baya. A 2018 wata kotu a Lecce ta Italiya ta ɗaure wani mutum wata tara saboda sayar da tsokacin ƙarya, a 2024 kuma Amurka ta kafa ƙa'idar da ta haramta saye da sayar da shi.

Da an bar batun taurari an koma tambayar ko hoto na sa mutum tafiya, sai hujja ta fara rauni. Kaso mai yawa na takardun wannan fanni salo ɗaya suke bi: a raba wa wasu ɗaruruwan mutane takardar tambayoyi, sau da yawa ɗaliban jami'ar mai binciken, a nuna musu hoto ko bidiyo, a tambaye su ko suna da niyyar zuwa. Kusan kullum amsar ita ce e. Wa zai ga tekun Maldibs a ce masa yana so ya je ya ce a'a? Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma tsakanin niyya da filin jirgi akwai fasfo, biza, kuɗin tikiti, hutun aiki da yardar iyali. Haka nan alƙaluman da kamfanonin talla ke yaɗawa, masu cewa kaso kaza na matasa suna zaɓar ƙasa saboda kyan hotonta, ya kamata a karɓe su da taka-tsantsan, domin mai kaya ne ke yabon kayansa.

Ƙasar Ayislan ta ba da wani gwaji da ba wanda ya shirya shi. A 2010 baƙin da suka shiga ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. A 2018 sun kai miliyan 2.3, a ƙasar da mutanenta a lokacin ba su wuce 350,000 da wani abu ba. Shekarun sun zo daidai da tashen Instagram, don haka aka yi ta danganta abin da hotunan magudanan ruwa da baƙin yashi. Amma kafin nan darajar kuɗin ƙasar ta riga ta faɗi bayan rushewar bankunanta a 2008, kuma a 2012 kamfanin jirage mai araha na WOW air ya fara jigila, daga baya ya riƙa haɗa Turai da Amurka ta Reykjavik a farashi mai rahusa. A ƙarshen Maris na 2019 kamfanin ya durƙushe. Hotuna ba su ragu a intanet ba, magudanan ruwan na nan inda suke, amma baƙin shekarar suka sauko zuwa kusan miliyan biyu.

A cikin ƙasar kuwa, inda baƙin za su nufa, nan waya ke nuna iyakar ƙarfinta. Akwai wani kwari mai suna Fjaðrárgljúfur da ko 'yan ƙasar ba su damu da shi ba, sai Justin Bieber ya ɗauki bidiyon waƙa a can a 2015. Masu ziyara suka kai kusan 150,000 a 2017, suka haura 280,000 a 2018. Ciyawar wurin ba ta jure tattaki, don haka hukumar muhalli ta rufe shi na wani lokaci a 2019. A Norwe akwai Trolltunga, wani falalen dutse da ya miƙo kamar harshe a saman tafki, tsayin kusan mita 700. Kafin 2010 masu zuwa ba su kai 800 a shekara ba, a 2016 sun wuce 80,000. Hoton yana nuna mutum shi kaɗai a bakin duniya. Abin da ba ya nunawa shi ne tafiyar ƙasa ta fiye da kilomita 20 zuwa da dawowa, da layin da ake bi kafin a hau falalen, da masu ceto da ke fita ɗauko waɗanda suka taho da takalmin yawon gari. Ƙauyen Hallstatt na Austiriya mai mutum ƙasa da 800 shi ma a 2023 ya kafa shingen katako a inda ake tsayawa ɗaukar hoto, kodayake an cire shi bayan 'yan kwanaki.

Yadda abin ke aiki ba ɓoyayye ba ne. Manhaja na tura wa mutane abin da wasu suka riga suka so, don haka hoton da ya samu karɓuwa shi zai ƙara samu, wurin da aka je shi za a ƙara zuwa. Mutum dubu goma da suka bazu a faɗin lardi alheri ne ga masu masauki da masu abinci. Su ɗin dai idan suka taru a kan titi guda, masifa ce ga mazauna. Shi ya sa a 2018 hukumar yawon buɗe ido ta Jackson Hole a Amurka ta roƙi baƙi su daina maƙala ainihin alamar wuri a hotunansu, hukumar da aikinta shi ne jawo mutane.

Wasu masanan sun juya lamarin, suka mai da hotunan kansu ma'auni. A 2013 Spencer Wood da abokansa suka gwama yawan hotunan Flickr da alƙaluman masu shiga wuraren shaƙatawa 836 a faɗin duniya, suka ga suna tafiya tare. Masu bincike na Jami'ar Helsinki sun maimaita irin wannan a 2017 a gandayen daji 56 na Finland da Afirka ta Kudu, inda Instagram ya fi Twitter da Flickr dacewa da ƙidayar bakin ƙofa, musamman a wuraren da ke da baƙi da yawa. Ga gandun da ba shi da kuɗin ɗaukar ma'aikatan ƙidaya, wannan babbar garaɓasa ce. Sai dai ƙofar tana rufewa: Instagram ya tsuke hanyar samun bayanansa a 2018, Twitter ya daina bayarwa kyauta a 2023, Meta kuma ya rufe CrowdTangle, hanyar da masu bincike ke leƙa bayanansa, a 2024. Kamfanonin sun fi kowa sanin inda jama'a ke zuwa, kuma ba sa son a leƙa littafinsu.

A ƙasar Sin abin ya ɗauki wani salo. Zibo birnin masana'antu ne a lardin Shandong, ba wanda ke zuwa can hutu. A farkon 2023 gajerun bidiyo na gasasshen namansu, wanda ake naɗewa a cikin siririyar waina da albasa mai lawashi, suka cika manhajojin Douyin da Xiaohongshu. Hukumar birnin ba ta tsaya kallo ba: aka ƙara jiragen ƙasa na musamman daga Jinan, aka tsara motocin safa zuwa wuraren gashi, aka sa ido kan masu tsauwala farashi. Nan ma jirgi da tsari ne suka mai da kallo ya zama tafiya. Kafin shekara ta ƙare guguwar ta lafa, hankali ya koma Harbin da bikin ƙanƙararta, sannan Tianshui da romonta mai yaji, aka bar wasu da suka ci bashi suka buɗe wurin gashi suna neman mai sayen shago.

Gwamnatoci ma sun shiga kasuwar. Lokacin da Saudiyya ta buɗe bizar yawon buɗe ido a Satumban 2019, ta gayyato masu ɗimbin mabiya ta zagaya da su Al'ula da sauran wurare, abin da ya jawo musu suka cewa an biya su ne su wanke sunan gwamnati bayan kisan Jamal Khashoggi. Amma bizar ce ta buɗe ƙofa, hoton rakiya ya yi. Haka Gana a shekarar, da shirinta na kiran jikokin bayi su dawo gida bayan shekara 400: hotunan fitattun baƙaƙen fatar Amurka a gidajen bayi na Cape Coast da Elmina sun yi aiki, amma a bayansu akwai jirage kai tsaye daga Amurka zuwa Accra da zaman lafiyar da baƙo zai iya dogara da shi.

Wani lokaci kuma hoton ƙarya ce tsagwaronta. A wurin bautar Lempuyang da ke Bali, ruwan da ake gani yana haska ƙofar wurin a hotuna babu shi, madubi ne mai ɗaukar hoton ke karawa a ƙarƙashin waya, mutane kuma na jiran sa'o'i a layi. Wani lokacin har rai ake rasawa: likitoci a Indiya sun ƙirga mutum 259 da suka mutu wajen ɗaukar hoton kansu a duniya tsakanin Oktoban 2011 da Nuwamban 2017, nutsewa a ruwa ce kan gaba.

Mafi yawan wannan ilimi daga Amurka, Turai da Sin aka tattaro shi, daga shafukan da ake iya leƙawa. A ƙasar Hausa kuwa, shawarar inda za a sauka a Madina ko wane kamfani ne ba ya yaudarar masu Umara, galibi a zaurukan WhatsApp ake yin ta, tsakanin dangi da abokan kasuwa, kuma saƙon WhatsApp a kulle yake, ba mai binciken da ke ƙirga shi. Tsohon tsarin nan ne na tambayar wanda ya je ya dawo, aka ɗora shi a kan waya.

Batun kyan hoto kuwa, yankin ba ya neman aro. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27 da aka gina da laka, ruwan ɗumi na Wikki a Yankari, dubban masunta da gorunansu a Matan Fada ranar bikin Argungu, duk irin abin da manhaja ke so ne. Agadas ta taɓa karɓar jiragen 'yan yawon buɗe ido kai tsaye daga Faransa, har tawayen 2007 ya katse harkar. A Satumban 2010 aka sace ma'aikata bakwai a garin Arlit da ke yankin, makonni uku kafin a ƙaddamar da Instagram. Don haka duk zamanin da hoto ke cika wasu garuruwa da baƙi, Agadas ta yi shi ne a cikin jerin wuraren da ƙasashen Turai ke gargaɗin 'yan ƙasarsu kada su je, duk da shigarta kundin wuraren tarihi na UNESCO a 2013. Bikin Argungu ya shiga kundin al'adu na hukumar a 2016, a daidai lokacin da aka yi shekaru ba a gudanar da shi ba, sai a Maris na 2020 ya dawo.

Hawan Sallah na Kano shi ma ya shiga kundin a Disambar 2024. Bidiyon dawakai da lifidi da 'yan bindiga suka sake zagaya TikTok da Facebook, ana taya juna murna. Da ƙaramar Sallah ta zo bayan wata uku da ɗoriya, rundunar 'yan sandan jihar ta hana hawan bisa dalilan tsaro, a tsakiyar rikicin sarautar da ya sa aka hana na Babbar Sallar 2024.